Ƙamshin kayan mamaciya ya sa ni kuka, mahaifina kuma bai ji komai ba

Wata 'yar'uwa ta aiko da tambaya. Mahaifiyarta ta rasu bara. Kwanan baya ta buɗe akwatin marigayiyar domin a raba kaya, ƙamshin humra da turaren wutan da ya kama zannuwan ya bugi hancinta, nan take ta ji kamar Hajiyar na tsaye a bayanta. Har wata rana ta faɗo mata, tana ƙarama ana yi mata kitso a tsakar gida, ranar da ba ta taɓa tunawa da ita ba. Ta yi kuka har ta kasa tashi. Tana so ta sani ko lafiya take, ko kuwa wani abu ne ya taɓa ta. A ƙarshen saƙon ta ƙara da cewa ta kai wa mahaifinta zane ɗaya, ya shinshina ya ce shi bai ji komai ba, domin tun wata mura da ya yi watanni da suka wuce hancinsa ya daina ji, abinci ma ba ya yi masa daɗi.

Allah Ya jiƙan Hajiya, Ya kai haske kabarinta, ku kuma Ya ba ku haƙurin rashi. 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, lafiyarki ƙalau. Abin da ya same ki shaida ne cewa hancinki da ƙwaƙwalwarki suna aiki yadda aka halicce su. In akwai wanda nake so a kai asibiti a gidan nan, to Baba ne, kuma zan zo kansa bayan na gama da ke.

A can saman kogon hanci, daidai tsakanin idanu biyu, akwai wani ɗan fili da miliyoyin jijiyoyi suka shimfiɗa kawunansu a cikin majina. Duk abin da ke da ƙamshi ko wari, ƙananan ƙwayoyinsa ne ke tashi a iska, mu shaƙe su, su narke a wannan majinar, su taɓa jijiyoyin. Ɗan Adam yana da kusan iri 400 na masu karɓar waɗannan ƙwayoyi. Kowane ƙamshi yana tayar da wasu daga ciki ya bar wasu, kuma daga haɗuwar waɗanda suka tashi ne ƙwaƙwalwa ke gane cewa wannan daddawa ce, wancan kuma kananzir. Wasu masana biyu a Jami'ar Columbia ta Amurka, Linda Buck da Richard Axel, su suka gano wannan tsari a 1991, aka ba su kyautar Nobel a kansa a 2004. Zaren jijiyoyin yana ratsa wani siririn ƙashi mai huji-huji kamar rariya, ya shiga cikin kai, ya sauka a wani ɗan curi da ke kwance a ƙarƙashin gaban ƙwaƙwalwa. Ki riƙe zancen ƙashin nan, zai dawo.

Abin da ido ya gani, da wanda kunne ya ji, da wanda fata ta taɓa, duk sai sun fara biyawa ta wani wuri a tsakiyar ƙwaƙwalwa da muke kira talamus, a tace su, sannan a tura su gaba. Saƙon hanci shi kaɗai ne ba ya jiran wannan. Daga curin nan yana da hanya kai tsaye zuwa amigdala, ɓangaren da ke kula da tsoro da ɗoki da faɗuwar gaba, kuma taki kaɗan ne tsakaninsa da hifokamfus, inda ake ɗaure abin da ya faru da wurinsa da lokacinsa. Shi ya sa abin ya zo miki a juye. Da hoton Hajiya kika gani, da sai kin fara cewa "ga Hajiya" sannan zuciya ta karye. Da ƙamshi kuwa hawaye ne suka riga tunani, jikinki ya gane ta kafin ki san abin da kika shaƙa.

Kitson da kika tuna ma ba a banza ya zo daga ƙuruciya ba. A 2006 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Stockholm ta ƙasar Suwidin, Johan Willander da Maria Larsson, sun tara tsofaffi, wasu aka ba su kalma, wasu hoto, wasu kuma ƙamshi, aka ce kowa ya faɗi abin da ya tuna masa. Masu kalma da masu hoto yawancin abin da suka tuno na samartaka ne, tsakanin shekara 11 zuwa 20. Masu ƙamshi kuwa sai suka koma can baya, kafin su cika shekara 10, kuma suka fi jin kamar an ɗauke su an mayar da su wurin. Dalili ɗaya shi ne hanci yana riƙe haɗuwar farko da ƙarfi. Abin da kika fara shaƙar wani ƙamshi a kansa, shi zai ci gaba da mallakar wannan ƙamshin, na baya su sha wuya kafin su ture shi. Ke kuwa ƙamshin Hajiya kin san shi tun kafin ki san sunanta. Tun a 1975 wani likita a Oxford, Aidan Macfarlane, ya nuna cewa jariri ɗan kwana shida yana juya kansa wajen ƙyallen da ya taɓa nonon uwarsa, ya ƙyale na wata matar.

Akwai kuma abin da ya shafi humra ita kanta. Turaren kanti duk wanda ya saya iri ɗaya ne, za ki ji shi a jikin maƙwabciya, ki ji shi a gidan biki, ki ji shi a mota, har ya daina zama na kowa. Humra da turaren wuta haɗin hannu ne. Matan Barno da Chadi da Sudan da suka shahara da su kowace da nata ma'auni, wannan ta yawaita sandal, waccan ta fi son kajiji, wata almiski ne ke gaba. Sannan abin da ke jikin zanen ba humrar kaɗai ba ce. Akwai man da take shafawa, da sabulun da ake yi mata wanki da shi, da hayaƙin girkinta, da gumin jikinta, da katakon ko ƙarfen akwatin. Wannan haɗin babu shi a ko'ina a duniya sai a wurinta. Hotonta na wayarki kina ganinsa kullum, zuciya ta saba da shi. Ƙamshin kuwa shekara guda yana rufe ba abin da ya taɓa shi, ranar da kika buɗe ya zo miki da ƙarfinsa duka.

Jin kamar tana tsaye a bayanki, shi ne na san ya fi tsorata ki. Wannan sananne ne a wurin masu makoki. Wani likita a yankin Wales na Birtaniya, Dewi Rees, ya zauna da mata da maza kusan 300 da abokan zamansu suka rasu, ya wallafa abin da ya samu a 1971: kusan rabinsu sun taɓa jin kamar mamacin na kusa, wasu har sun ji kamar muryarsa, kuma yawancinsu ba su taɓa gaya wa kowa ba don gudun a ce sun taɓu. Mutane ne masu cikakken hankali. Ƙwaƙwalwar da ta yi shekaru tana haɗa wannan ƙamshi da kasancewar mutum a ɗaki, ba za ta warware haɗin a shekara ɗaya ba. Kuma mu da muka tashi da karatun Suratu Yusuf mun san inda Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ce yana jin ƙamshin ɗansa tun ayari na hanya da rigar. Nasa mu'ujiza ce da ba a haɗa ta da namu, amma duk lokacin da na karanta wurin sai in ga yadda bege da ƙamshi suke tafiya tare. Idan abin ya sake zuwa miki, ki zauna, ki bar hawayen su zuba, ki yi mata addu'a.

Abu ɗaya zan ja kunnenki a kai. Rachel Herz ta Jami'ar Brown, wadda ta daɗe tana bincike a wannan fanni, ta nuna cewa tunanin da ƙamshi ya tayar ya fi na hoto da na kalma taɓa zuciya, amma bai fi su daidai ba. Don haka in kin ba yayarki labarin ranar kitson ta ce ai ba a wannan gidan ba ne, ko ba Hajiya ce ta yi kitson ba, kada ku yi musu. Ƙaunar da kika ji gaskiya ce ko da wasu bayanan sun cakuɗe.

Wannan gajeriyar hanyar ba daɗi kaɗai take kawowa ba. Wanda ya tsira daga haɗarin mota warin fetur na iya sa shi rawar jiki. Wadda ta yi jinyar ɗanta har ya cika, warin maganin da ake goge ƙasan asibiti da shi na iya hana ta shiga ko da dubiya. Mutanen da suka gudo daga garuruwan da aka ƙona, hayaƙin tayar da yara suka kunna a bola ya isa ya mayar da su daren. Irin wannan, in yana hana barci ko cin abinci ko fita neman abinci, ana maganinsa, kuma zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa ba abin kunya ba ne. Haka kuma in mutum yana jin wari alhali babu abin da ke warin, musamman warin ƙona, yana zuwa yana tafiya, ko yana haɗuwa da ɗaukewar hankali na ɗan lokaci, wannan sai an duba, domin ciwon kogon hanci yana kawo shi, wani nau'in farfaɗiya ma yana farawa da haka. Naki ba ya cikin waɗannan. Ƙamshi na gaske kika shaƙa daga zane na gaske.

Na san za ki so ki adana shi, don haka ga abin da zan ce. Ki nemi yardar sauran magada a bar miki zane ɗaya ko ɗankwali kafin a wanke ko a bayar sadaka. Ki naɗe shi ki sa a kwalba mai faɗin baki ko gwangwani mai murfi mai kamawa sosai, ki ajiye inda rana da zafi ba sa kaiwa. Leda ba ta riƙe ƙamshi, kuma tana da nata warin. Kada ki sa kafur kusa. Kada kuma ki riƙa buɗewa kullum, domin ƙamshin zai tsere daga zanen, sannan hancinki zai saba da shi yadda ba kya jin ƙamshin ɗakinki sai baƙo ya faɗa. In akwai gwaggo ko ƙawar Hajiya da ta san mai haɗa mata humra, ki tambaya tun suna raye.

Yanzu Baba. Layi biyu kika ba shi a ƙarshen saƙo, kuma haka muke yi duka. Wanda ido ya samu matsala ana rugawa da shi asibiti, wanda kunne ya toshe ana tausaya masa, wanda hanci ya daina ji kuwa sai a ce ai ya huta da warin kwata. Ni ban ɗauke shi ƙaramin abu ba, balle ga dattijon da matarsa ta rasu bara.

Fara da abincin. Hausawa na cewa hanci bai san daɗin gishiri ba, kuma haka ne, gishiri na harshe ne. Amma abin da harshe ya sani kaɗan ne: zaƙi, gishiri, tsami, ɗaci, da wannan ɗanɗanon romo da daddawa da dunƙulen miya ke bayarwa. Zafin barkono wata jijiya ce daban ke ɗaukar sa. Duk sauran, abin da ya bambanta miyar kuka da ta kuɓewa, man shanu da man gyaɗa, fura da kunu, ƙamshi ne da ke hawa ta bayan maƙogwaro zuwa hanci yayin da ake tauna. Ki toshe hancinki ki tauna ɗan kanumfari, sannan ki saki, za ki ji daidai lokacin da daɗin ya shigo. Baba yana cin tuwo ne kullum da toshen hancin nan. Irinsu kan koma ɗaya daga biyu: ko su rage ci su rame, ko su yi ta ƙara gishiri da sukari suna neman daɗin da ya ɓace, wanda ga mai hawan jini ko ciwon sukari haɗari ne. Kuma sau da yawa baƙin ciki yana biyo baya, a ɗauka duk na rashin matar ne.

Abubuwan da ke kashe jin ƙamshi suna da yawa, maganinsu kuma ya bambanta, shi ya sa nake so likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa ciki da idonsa. Wani lokaci hanya ce kawai ta toshe, ko da kumburin da ƙura da sanyin hunturu ke tayarwa, ko da wani tsiro mai laushi da ke fitowa a kogon hanci. Jijiyoyin lafiyarsu lau, iska ce ba ta kai gare su. Wannan shi ya fi sauƙi, maganin fesawa ko ƙaramin aiki na buɗe shi. Wani lokaci buguwar kai ce, kamar faɗuwa daga babur, ƙwaƙwalwa ta girgiza, zaren da ke ratsa siririn ƙashin nan ya tsinke. Shekaru ma suna ci: binciken da Richard Doty ya jagoranta a Jami'ar Pennsylvania a 1984 ya samu fiye da rabin masu shekara 65 zuwa 80 jinsu ya ragu sosai, waɗanda suka haura 80 kuwa fiye da kashi uku cikin huɗu. Taba tana ƙara lalata shi. Sannan ciwon Parkinson, mai kawo rawar hannu da sanyin tafiya, da ciwon mantuwa na Alzheimer, sukan fara da raunin hanci shekaru kafin sauran alamu su bayyana. Na faɗi wannan ne don likita ya tambaya, ba don ki tsorata ba, domin waɗannan a hankali suke zuwa, na Baba kuwa kin ce tare da mura ya tafi.

Wanda ke biyo bayan mura mun daɗe da saninsa, amma cutar korona ce ta sa duniya ta waiwaye shi a 2020, lokacin da miliyoyin mutane suka wayi gari ba sa jin ƙamshin sabulu. Bincike ya nuna cewa ƙwayar cutar ta fi kama ƙwayoyin da ke tallafe da jijiyoyin, wurin ya kumbura, aikin ya tsaya. Abin farin ciki shi ne jijiyoyin hanci suna cikin 'yan kaɗan a jikin mutum da ke sake tsirowa har tsufa. Yawancin mutane jinsu na dawowa cikin makonni, wasu sai an yi watanni, wasu har shekara ko fiye. A hanyar dawowar wasu kan shiga wani hali mai wuya, albasa da nama da ƙwai da ake soyawa su koma musu warin ruɓa ko na ƙona. In Baba ya fara cewa miya na wari alhali kowa na ci da daɗi, kada a ce tsufa ne ko tsangwamar mai girki. Sau da yawa alama ce cewa sababbin jijiyoyi na neman hanyarsu.

Akwai abin da za ku fara a gida tun yau, ba ya cin kuɗi, ba ya kuma cutarwa. Farfesa Thomas Hummel na Dresden a Jamus shi da abokan aikinsa suka gwada shi a 2009: majinyata suka riƙa shaƙar ƙamshi huɗu, wardi da lemun tsami da kanumfari da man bishiyar turare, safe da yamma, har mako 12, kuma kusan mutum 3 cikin 10 jinsu ya ƙaru, fiye da waɗanda ba su yi ba. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa in an daɗe ana yi, an kuma sauya ƙamshin bayan 'yan watanni, sakamakon ya fi kyau. Duka huɗun ana samun su a kasuwa ko a kusa da gida. Ki samo ƙananan kwalabe huɗu masu murfi. Ɗaya ki daka kanumfari ki zuba, ɗaya ɓawon lemun tsami da za a riƙa sabuntawa, ɗaya ganyen bishiyar turare da aka murje, ɗaya auduga da aka ɗiga wa turaren wardi. In wani ya gagara, citta ko na'a-na'a sun wadatar. Ya buɗe ɗaya, ya kawo kusa da hanci, ya riƙa ja a hankali kamar daƙiƙa 20, ba da ƙarfi ba, yana kawo abin a ransa, yana tuna yadda ya san shi. Ya ɗan huta, ya ɗauki na gaba. Wannan tunawar ba ado ba ce, tana cikin maganin. Ku ɗaura shi da sallar asuba da ta magariba don kada a manta. Makonnin farko zai ce ba ya jin komai, ya ce ɓata lokaci ne. A nan ake bari, a nan kuma ake bukatar ki, ko wani jika da zai zauna da shi su yi tare.

Kada a ɗura masa tafarnuwa ko wani jiƙo ko garin magani a hanci, fatar wurin siririya ce, ƙuna kuma na iya mayar da abin da zai warke ya zama na dindindin. Maganin ɗigawa na buɗe hanci da ake saya a kemis, in aka wuce 'yan kwanaki ana sa shi, shi da kansa yake koma toshe hancin. A abinci kuma a bar ƙara gishiri, a nemi abin da bakinsa ke iya ji: ɗan tsamin lemo ko tsamiya, ɗan yaji, abu mai ƙaras-ƙaras kusa da mai laushi, mai zafi kusa da mai sanyi. A riƙa cin abinci tare da shi, kuma ki sa ido a kan wuyan rigarsa da ɗaurin wandonsa, su za su fara gaya miki in yana ramewa.

Sai tsaro, wanda mutane ba sa kawowa a rai sai abu ya faru. Gas ɗin girki asalinsa ba shi da wari, da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi don a ji in yana yoyo, Baba kuwa ba zai ji ba. Ba zai ji wayar wuta na ƙonewa ba, ba zai ji miyar jiya ta lalace ba. Kada a bar shi shi kaɗai da tukunyar gas, a riƙa rufe ta daga kanta bayan girki, kuma wani ya riƙa shinshina masa abin da ya kwana kafin a ɗumama. Ranar zuwa asibiti ki tafi da duk magungunan da yake sha a cikin kwalayensu, ki gaya wa likita watan da abin ya fara, ko hancin na toshewa ta gefe ɗaya ko yana fitar da jini, ko ya taɓa buguwa a kai, da kuma ko kun lura hannunsa na rawa ko yana yawan mantuwa.